Gwajin DNA a Iran: gane mutum kawai yake yi, ko har ƙabilarsa yake faɗa?

Ɗan_Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce tafe da ni. Jiya da daddare muna hira da ƙanena da ke karatun kimiyya a jami'a, sai ya ce min wai a Iran masana sun bi ƙabila-ƙabila suna ɗibar jini, Farisawa daban, Kurdawa daban, Larabawan Khuzestan daban, Balushawa daban, kowacce an yi mata jadawalinta na DNA saboda aikin kotu. Na ce masa ni fa na ɗauka DNA kamar zanen ɗan yatsa ne, kowa da nasa, to ina ruwan ƙabila a ciki? Ya dinga zuba min Turanci har barci ya kwashe ni. Don Allah masana a warware min abu biyu. Me ya sa sai an yi wa kowace ƙabila nata lissafin? Sannan in haka ne, ke nan in an tsinci ɗigon jini a titin Tehran za a iya cewa wannan na Bakurde ne, wancan na Bafarishe?

Zazzau_Ta_Gode:
Wa alaikumus salam. Na shimfiɗa tabarmata a nan, ina jiran masana.

Ɗan_Lab:
Malam Ɗan_Kurmi, ƙanenka bai yi ƙarya ba, bayanin ne bai sauko da shi ƙasa ba. Bari in gwada.

Gwajin da ake yi don kotu ba ya karanta DNA ɗin mutum gaba ɗaya. Wasu gurabe ƙalilan ake dubawa, ana ce musu STR. A kowane gurbi akwai 'yan haruffa, galibi huɗu, da suke maimaita kansu kamar 'ya'yan carbi: GATA GATA GATA. Wani nasa carbin ya maimaita sau 11, wani sau 14. Kowane mutum yana da lamba biyu a gurbi ɗaya, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Amurka ta daɗe tana amfani da gurabe 13 a rumbunta na CODIS, a 2017 ta mayar da su 20.

To in jinin da aka samu a wurin kisa ya nuna 11 da 14, wanda ake tuhuma ma 11 da 14, alƙali zai tambaya: mutum nawa ne a gari ke da 11 da 14? A nan ne jadawalin ke shigowa. Misali kawai zan buga, ba lissafin wata ƙabila ba ne: a ce mutum ɗaya cikin goma ke ɗauke da 11, ɗaya cikin biyar ke ɗauke da 14. Sai ka ce 2 sau 0.1 sau 0.2, ka samu 4 cikin 100. Amma in a cikin mutanen wani kwari lamba 11 ɗin nan uku ce cikin goma, amsar ta koma 12 cikin 100. Ka ga in ka ɗauko jadawalin Turawa ka yi wa Balushe lissafi da shi, za ka iya sa hujjar ta yi nauyin da ba ta da shi. Ana ninka gurabe ashirin ɗin nan ne a kan juna har a kai ga ɗaya cikin biliyoyi, don haka ƙaramin kuskure a kowane gurbi taruwa yake yi.

Tambayarka ta biyu kuwa, a'a. Waɗannan gurabe an zaɓe su ne don su bambanta mutum da mutum, ba ƙabila da ƙabila ba. Lamba 11 ɗin nan akwai ta a Kurdistan, akwai ta a Kurmi.

Ɗan_Kurmi:
Allah ya ƙara basira. Carbin nan ya shiga kaina. Amma Malam ka ce ƙabilu sun bambanta a yawan lambobin, sannan ka ce ba a iya gane ƙabila da su. Ba karo maganar ta yi ba?

Ɗan_Lab:
Ba ta yi karo ba. In aka ce sunan Sani ya fi yawa a Kano a kan Maiduguri, gaskiya ne, kuma mai ƙidaya yana buƙatar ya san haka. Amma in ka tsinci takarda an rubuta Sani, ba za ka rantse ɗan Kano ne ba.

Baƙon_Ƙum:
Ni a can nake karatu, shekarata ta shida ke nan. Abin da zan ƙara shi ne, talakan Iran in ka ce masa gwajin DNA, ba ɓarawo ko mai kisa ke fara zuwa masa a rai ba. Waɗanda suka ɓace a yaƙinsu da Iraƙi na 1980 zuwa 1988 yake tunawa. Har yau ana tono ƙasusuwa a yankunan iyaka, ana musayar gawawwaki tsakanin ƙasashen biyu a mashigar Shalamche, ƙungiyar Red Cross tana shiga tsakani. A Yunin 2015 an yi jana'izar sojoji masu ninƙaya 175 a Tehran, waɗanda aka kashe a farmakin Karbala na 4 a Disambar 1986, wasunsu an tono su hannayensu a ɗaure. Wanda aka samu da ɗan ƙarfen wuya mai lambarsa, an huta. Wanda ba shi da shi kuwa suna ce masa shahid gomnam, wato wanda ba a san sunansa ba, sai a binne shi a harabar jami'a ko wani lambun gari, a ɗebi samfurin ƙashinsa a ajiye.

Tsohuwar da nake haya a gidanta shekarun baya, ɗan yayarta na cikin waɗanda ba su dawo ba. Yayar ta je ta ba da jini, ta dawo ta ci gaba da jira. Hotonsa na nan a falo, yaro ne ko gashin baki bai gama fitowa ba, an ɗaura wa firam ɗin wani koren ƙyalle. Ranar da aka kira su a waya ina gidan. Abin da aka miƙo wa uwar ƙunshi ne cikin farin likkafani, tsawonsa bai wuce na jariri ba. Ta rungume shi a ƙirji tana jijjigawa kamar mai lallashin goyo, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ni dai fita na yi waje. Tana da shekara tamanin da wani abu lokacin, ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba.

Ummu_Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi sai da na ajiye wayar. Uwa ke nan.

Likitan_Ƙashi:
Labarin @Baƙon_Ƙum ya taɓo inda aikin ya fi wuya. Jini sabo ko yawu, kwana ɗaya biyu an gama. Ƙashin da ya shekara talatin a ƙasa mai gishiri da danshi irin ta kudancin Iraƙi, DNA ɗinsa ya gutsuttsure. Ana neman haƙori, ko ƙashin cinya, ko wani ƙashi mai tauri da ke gindin kunne, a kankare bayansa, a niƙa shi ya zama gari, sannan a yi ta addu'a. Wani lokaci gurabe bakwai ko takwas kawai ke fitowa cikin ashirin.

Matsala ta biyu ta fi wannan: iyayen suna ƙarewa. Gwada mamaci da uwarsa da ubansa shi ne mafi ƙarfi, domin dole a kowane gurbi lamba ɗaya ta zo daga wannan, ɗaya daga wancan. In babu su sai 'yan'uwa, lissafin ya yi rauni, domin wa da ƙane na iya saɓawa gaba ɗaya a wani gurbin. Sai a koma wa alamomi biyu da ba sa cakuɗewa. Akwai kuromosom Y, wanda ke bin ɗa namiji daga uba, daga kaka, kamar sunan gida. Akwai kuma DNA na mitokondiriya, wanda kowa ke gada daga uwarsa kaɗai, mace ce kawai ke miƙa shi gaba. Da waɗannan, ɗan baffa ko ɗan inna na iya tsayawa a madadin iyaye. Sai dai su ba sa nuna mutum, gida suke nunawa. In 'yan gida ɗaya uku suka tafi yaƙi, ɗan wa da ɗan ƙane, Y ɗinsu iri ɗaya ne, ba zai gaya maka wanne ne a cikin likkafanin ba.

Bamaguje_77:
Ni duk wannan ban yarda da shi ba. Ƙasar da ke son sanin jinin kowace ƙabila, ku tambayi kanku me za ta yi da shi gobe. Kurdawa da Balushawa ba zaman lafiya suke da gwamnatin Tehran ba. Yau a ce don gane gawa ne, gobe a ce don gane wanda ya fita zanga-zanga.

Sarkin_Yaƙin_Zaure:
Dama in dai Iran ce ai sai abin da ya fi haka. Mutanen da...

Admin_Zaure:
@Sarkin_Yaƙin_Zaure na goge ragowar rubutunka. Ba muhawarar aƙida ake yi a nan ba, akwai wurinta. A tsaya a kan tambaya.

Barista_Mai_Hula:
Tsoron @Bamaguje_77 ba na banza ba ne, amma ya haɗa abu biyu. Jadawalin da Ɗan_Lab ya yi bayani ba shi da sunan kowa, ƙidaya ce kawai: cikin mutum ɗari kaza, lamba kaza ta fito sau kaza. Ana buga shi a mujallu kowa ya gani. Rumbun da ke ɗauke da sunan mutum da lambobinsa shi ne abin tsoro, kuma wannan ba matsalar Iran kaɗai ba ce. Ingila ce ta fara kafa irinsa a 1995, kuma sai da kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci a 2008 cewa riƙe DNA ɗin wanda ba a same shi da laifi ba har abada ya saɓa doka.

A ɓangaren shari'a, hukumar da ke yin wannan aiki a Iran suna ce mata Pezeshki Ƙanuni, kuma a ƙarƙashin ɓangaren shari'a take, ba ma'aikatar lafiya ba. Ita ce ta tantance gawawwakin jirgin Yukiren da aka harbo kusa da Tehran ranar 8 ga Janairu 2020, mutum 176. A dokar laifukansu ta 2013, hanyoyin tabbatar da laifi su ne iƙirari, shaida, ƙasama (rantsuwar da dangi ke yi a shari'ar kisa ko rauni), rantsuwa, da abin da suke kira ilimin alƙali. DNA ba shi da kujerarsa a jerin, ta ƙofar ilimin alƙali yake shiga, a matsayin ra'ayin gwani. Wannan na nufin alƙali ne zai auna shi. In alƙalin bai fahimci me ake nufi da ɗaya cikin miliyan ba, to jadawali ko na zinare ne bai amfana ba.

Malam_Na_Tsangaya:
Barista ya yi daidai, kuma malaman Sunna ma kusan nan suka tsaya. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 2002 ta ce ana iya dogaro da wannan gwaji a binciken laifukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, da wajen gane gawa, da jariran da suka cakuɗe a asibiti, da yaran da suka ɓace a yaƙi ko bala'i. Amma ba a kore nasabar da ta tabbata da shi, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani, wato rantsuwar da miji ke yi in zai kore ɗa. Ɗa na mai shimfiɗa ne. Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu: Mujazziz al-Mudliji ya dubi ƙafafun Zaidu da Usama sun lulluɓe kawunansu, ya ce waɗannan ƙafafu sashensu daga sashe yake, Manzon Allah (SAW) ya yi farin ciki. Ƙiyafa ke nan. Na yau dai ƙiyafa ce da na'ura.

Barista_Mai_Hula:
Allah ya gafarta Malam, dokar farar hularsu ma haka ta ce a sashe na 1158: ɗan da aka haifa cikin aure na miji ne, matuƙar tsakanin saduwa da haihuwa bai gaza wata shida ba, bai wuce goma ba.

Hajiya_Mai_Lalle:
Ni abin da ya tsaya min a rai zancen ɗan wa da ɗan ƙane ne da Likita ya yi. Na ji ana cewa su ma suna auren zumunci sosai kamar mu. Mu a gidanmu mijina ɗan baffana ne, iyayenmu ma 'ya'yan wa da ƙane ne. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, na'urar ba za ta rikice da mu ba?

Ɗan_Lab:
Hajiya kin taɓo ainihin wurin. Wani babban bincike da aka buga a 2004, wanda ya duba aure sama da 300,000 a faɗin Iran, ya samu kusan kashi 38 cikin 100 na zumunci ne, mafi yawansu tsakanin 'ya'yan wa da ƙane ko makamancinsu. Lissafin da na buga a sama, na ninka wannan da wancan, an gina shi ne a kan zaton mutane suna aure barkatai ba tare da duba dangi ba. A inda ake auren gida, zaton ya karye. Yaron da iyayensa 'ya'yan wa da ƙane ne yana iya gadon lamba ɗaya tak ta kakansa ta hanya biyu, sai ka ga 12 da 12 a gurbi. Irin wannan na yawaita, kuma mutanen ƙauye ɗaya suna kama da juna fiye da yadda jadawalin birni zai nuna. Akwai gyaran da ake sakawa a lissafi saboda haka, ana ce masa tita, yawanci 0.01 zuwa 0.03, don a rage wa hujjar kaifi.

Na'ura ba za ta ɗauke ki a matsayin mijinki ba, gurabe ashirin sun isa su raba ku. Inda ake shan wuya shi ne shari'ar gado ko ta uba, in waɗanda ake shakka a kansu wa da ƙane ne, ko in ana son a san wannan ƙanen mamaci ne ko ɗan baffansa. A nan sai an ƙara gurabe.

Hajiya_Mai_Lalle:
To alhamdulillahi. Kama da wane dai ba ta wane.

Zongo_Kumasi:
Ku bar ni in yi alfahari kaɗan. Shari'ar farko a duniya da aka warware da wannan gwaji ta ɗan Gana ce. Alec Jeffreys ya gano hanyar a Jami'ar Lesta a 1984. A 1985 wani yaro da danginsa ke zaune a Ingila ya dawo daga Gana, jami'an shige da fice suka ce fasfonsa na bogi ne, ƙila ɗan 'yar'uwar matar ne ba ɗanta ba. Uban ba ya nan, sai aka gwada shi da uwar da 'yan'uwansa uku, aka tabbatar ɗanta ne. Kun ga tun ranar farko matsalar ita ce ta Hajiya: raba ɗa da ɗan 'yar'uwa.

Ɗalibar_Tarihi:
Mun yi nisa da tambaya ta biyu ta Ɗan_Kurmi, kuma ina ganin Ɗan_Lab ya rufe ta da wuri. Gaskiya ne STR na kotu ba ya faɗin ƙabila. Amma akwai wasu alamomin, dubu ɗaruruwa, da ake dubawa don asali, kuma an yi wa Iran wannan aikin. A 2019 masana daga Tehran da Jami'ar Kolon ta Jamus sun buga binciken mutum 1,021 daga ƙabilu 11. Ga abin da ya fito. Farisawa, Kurdawa, Lurawa, Azarawa, mutanen Gilan da Mazandaran, har da Larabawan Iran, duk sun taru a dunƙule ɗaya, sun hau kan juna. Waɗanda suka ɗan ware su ne Balushawa, mutanen Sistan, Turkumawa, da mazauna tsibiran Tekun Fasha.

Ku duba Azarawa. Harshensu ɗan gidan Turkanci ne, ba shi da haɗi da Farisanci a asali. Amma jininsu ya fi kusa da na maƙwabtansu Kurdawa da Farisawa a kan na Turkawan tsakiyar Asiya. Ma'ana harshe ya sauya, mutanen ba su sauya sosai ba. Mu da muke da Fulanin da ba sa jin ko jam, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

Saboda haka amsata ga Ɗan_Kurmi: Bakurde da Bafarishe, da wuya ƙwarai. Baturkume daga Golestan da Balarabe daga Ahwaz, ana iya yin hasashe mai ƙarfi.

Ɗan_Lab:
Na karɓi gyara, Malama. Ni kotu na sa a gaba. Zan ƙara da na Y, wanda ke da rassa kamar bishiyar dangi, kowane reshe da harafinsa: binciken 2012 da ya duba maza 938 daga ƙabilu 15 ya samu reshen J2 ne ya fi yawa a ƙasar, sama kaɗan da kashi ɗaya cikin biyar, sai R1a da G da J1 da E. Reshen Q ya yi yawa a Turkumawa, J1 a Larabawan Khuzestan. Amma babu reshe ɗaya da wata ƙabila ta mallaka ita kaɗai.

Ɗan_Maraɗi:
To ina labarin Ariyawa, mutanen dā ɗin nan da ake cewa daga cikinsu Iraniyawa suka fito? Wani ɗan Iran da muka yi aiki tare a Dubai kullum cewa yake su ba Larabawa ba ne, su da Jamusawa kakansu ɗaya. Har ya aika yawunsa wani kamfani ta hannun ɗan'uwansa da ke Kanada. Da sakamako ya zo sai ga shi an rubuta kusan duka "Iran, Kaukasus da Mesofotamiya". Ya kwana biyu ba ya walwala, mu kuwa muka samu abin tsokana.

Ɗalibar_Tarihi:
Hahaha, Allah sarki. Kalmar gaskiya ce, sunan Iran kansa daga ita ya fito, kuma a 1935 ne Reza Shah ya nemi ƙasashen waje su daina cewa Fasha su riƙa cewa Iran. Farisanci da Jamusanci ma dangin harshe ɗaya ne. Amma jini wani zance ne. A 2016 an karanta DNA na ƙasusuwan manoman farko na tsaunukan Zagros, daga Ganj Dare da kogon Wezme da Tepe Abdul Husain, wasunsu sun kai shekara 10,000, mutanen da ke cikin na farko da suka fara kiwon awaki. An ga su daban suke da manoman Anatoliya da suka bazu zuwa Turai. Kaso mai tsoka na jinin Iraniyawan yau daga irin waɗannan yake, tun kafin masu harshen Ariya su iso. Cikin mutanen yau, mabiya addinin Zartusht na Iran na daga waɗanda suka fi kusa da su.

Su ma akwai abin sha'awa a kansu. 'Yan'uwansu da suka yi hijira zuwa Gujarat ta Indiya, waɗanda ake kira Parsi, Y ɗinsu na Iran ne, amma na ɓangaren uwa da yawansa na Indiya ne. Maza ne suka je suka auri matan gari. Labarin Bayajidda ke nan a wata riga.

Zazzau_Ta_Gode:
Yauwa, an zo wurin. A gwada sarakunan Hausa bakwai mu ga ko na Bagadaza ne.

Malam_Na_Tsangaya:
Kai dai ba ka rabo da neman magana.

Baƙon_Ƙum:
Tunda an taɓo nasaba, akwai wadda ta fi ta Ariya zafi a can: sayyid, wato sharifi. Malami sayyid baƙin rawani yake naɗawa, wanda ba shi ba fari, kuma akwai rabon khumusi da ke bin wannan nasaba. Na taɓa tambayar wani abokin karatuna ko zai yarda a gwada shi. Ya yi dariya ya ce shajararsa na rubuce tun kakanni, me zai nema a wurin kwalba.

Likitan_Ƙashi:
Ya yi wa kansa gata. An taɓa yin irin gwajin a 2010 a kan masu kiran kansu sayyid daga Indiya da Pakistan. In duk daga mutum ɗaya suka fito ta wajen uba, ya kamata Y ɗinsu ya zama reshe ɗaya. Ba a samu haka ba, rassa daban-daban aka gani, duk da cewa alamun asalin Larabawa sun fi yawa a cikinsu a kan maƙwabtansu. Amma a lura: gwajin na iya cewa ku biyun nan ba kakanku ɗaya ba ta wajen uba. Ba zai iya cewa wanne ne na gaskiya ba, domin babu samfurin asali da za a gwada da shi.

Sharifiya_Ta_Gabas:
Likita a bar wannan zancen haka nan don Allah. Mutane ana gaskata su a kan nasabarsu, haka muka ji daga malamai. Kowa ya riƙe abin da ya taras a gidansu.

Likitan_Ƙashi:
Na bari, ranki ya daɗe. Ban ce a gwada kowa ba.

Bamaguje_77:
Kun ga abin da nake faɗa ko? Ɗalibar_Tarihi da bakinta ta ce ana iya hasashen Baturkume ko Balushe. Ɗan sanda ya samu wannan, ai ƙauye guda zai kwashe.

Barista_Mai_Hula:
Yana iya faruwa, kuma wuƙar tana yanka ta ɗaya gefen ma. A Holan an kashe wata yarinya a 1999, gari ya ɗora laifin a kan 'yan gudun hijira da ke wani sansani kusa, har aka kusa far musu. Gwajin Y ya nuna reshen mai laifin irin na mutanen arewa maso yammacin Turai ne. A 2012 aka nemi mazan yankin dubbai su ba da yawu, aka kama wani manomi ɗan garin. Hasashen asali ne ya wanke baƙin. Ni abin da na tsaya a kai shi ne, irin wannan hasashe ya tsaya a matsayin fitilar mai bincike, kada ya shiga gaban alƙali a matsayin hujja.

Bamaguje_77:
Holan ka ce, Barista. Ni ba Holan nake magana ba.

'Yar_Agadas:
Ba wanda ya ambaci baƙaƙen Iran. A Bandar Abbas da gaɓar Hormozgan akwai su, zuriyar waɗanda aka kai daga gabashin Afirka ta fataucin teku da na bayi, wanda ba a haramta a can ba sai 1929. Suna da wani abu da ake kira zar, da kiɗa da hawan iska, in kin gani sai ki ce bori ne. Su a wane jadawalin za a saka su? Farisanci suke yi, katinsu na Iran ne.

Ɗalibar_Tarihi:
Tambaya mai kyau, kuma ita ce raunin duk waɗannan binciken. Yawanci mai bincike yana zaɓar wanda ya ce kakanninsa duk daga wuri ɗaya suke. To Tehran fa, inda ɗan Tabriz ke auren 'yar Shiraz? 'Ya'yansu ba sa cikin jadawalin kowa, kuma su ne ke ƙara yawa.

Alhaji_Mai_Goro:
Ni ban san kimiyya ba, amma ina Mina ranar 24 ga Satumba 2015, ranar da aka yi turmutsitsin alhazai. Iran ce ta fi kowa asara, mutum 464, mu ma mun rasa jama'a da yawa, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida, Allah ya jiƙansu. Tsohon jakadan Iran a Labanan, Ruknabadi, sai bayan wata biyu aka gano gawarsa. Mu abokin ɗakinmu mun yi kwana tara muna zagaya asibitoci da wurin ajiye gawa, ana nuna mana hotuna a allo ɗaya bayan ɗaya. Zafin rana ya sauya fuskoki, ihrami kuwa duk iri ɗaya, abin hannun da ke da suna ya tsinke wa da yawa. Sau biyu ina cewa shi ne, sai a duba a ga ba shi ba ne. A ƙarshe da wani tsohon tabo a ƙaurinsa muka gane shi, na faɗuwa daga babur. Da a ce kowane maniyyaci yana barin ɗan yawu a gida kafin ya tashi, da ba mu sha wannan ba.

Ummu_Hanif:
Allah ya jiƙansu da rahama, Alhaji. Amin.

Ɗan_Kurmi:
Amin. Na gode ƙwarai jama'a, na tura wa ƙanen nawa duka ya ga yadda ake bayani. Ya ce a tambayi Likita: uwar nan ta labarin Baƙon_Ƙum, da ta riga ta rasu kafin a tono ɗan, kuma ba ta ba da jini ba, wa za a nema?

Likitan_Ƙashi:
In yana da 'yan'uwa ciki ɗaya, su ne farko, kuma a ɗebi biyu ko uku, kada a tsaya a ɗaya. In babu, ita tsohuwar da Baƙon_Ƙum ya yi haya a gidanta ta isa ta ɓangaren mitokondiriya, tunda ita da uwarsa ciki ɗaya suka fito. Sai a haɗa da wani namiji daga gidan ubansa saboda Y.

Baƙon_Ƙum:
Uwa ɗaya ce ta haife su kuwa? Yanzu ka sa ni shakka, don na san mahaifinsu mata biyu ya aura. Bari in tambayi jikanta in mun haɗu.